Abin da Motar Ta Manta

"Kashe ta, Baba Jaji. Zare makullin gaba ɗaya."

Malam Jaji ya zare makullin ya jefa a aljihun gaba, ya fito ya tsaya kusa da Sharhabilu bakanike yana leƙen cikin injin kamar ya san abin da yake kallo. Ina ya sani! Shekara ashirin da uku yana tuƙa motar gwamnati, tun Dutse tana ƙarƙashin Kano, kuma in Fijo ce ko ido rufe zai kai hannu kan kafireto. Wannan kuwa, da masu ba da tallafi suka kawo wa ofishin aikin rijiyoyi bara, in ka ɗaga bonet sai ka tarar da baƙar roba ta rufe komai ruf, ga wayoyi birjik.

Ranar Litinin abin ya faro. Suna dawowa daga Miga, sun ɗan wuce Jahun, sai wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, siffarta kamar kan famfo. Motar ba ta yi tari ba, ba ta rage gudu ba. Amma Darakta yana kujerar baya, kuma idonsa ba ya wuce komai. Kafin Laraba wani mai son a san da shi ya riga ya kai gulma cewa an ga motar ofis tsaye wajen 'yan bumburutu masu sayar da mai a Shuwarin. An kuwa gan ta. Jaji ya tsaya yi wa tsohon maƙwabcinsa barka da haihuwa ne, ko murfin tanki bai taɓa ba.

"Kana sayar da man ofis, kana zuba mata mai haɗe da kananzir," in ji Darakta, a gaban masinja da mai shara. "Gobe Alhamis injiniya zai zo daga Kano da na'ura. In ta nuna mai ne, ka tattara naka ya naka."

Saura masa shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi ritaya. Amma ba ritayar ce ta hana shi cin tuwo jiya ba, har matarsa Iyatu ta yi ta tambaya ko zazzaɓi ne. Sunan ne. Shekara biyu ke nan da ƙaddamar da Shari'a, kalmar ɓarawo ta ƙara nauyi a bakin mutane. Direbobin sakatariya, waɗanda shi ke ja musu sallar azahar in liman bai zo ba, har sun fara tsokanarsa wai ya riƙa adana hannunsa a aljihu. Da wasa suke faɗa, shi kuwa har cikin ransa yake jin zafin abin.

Ya san bai saci ko cokali ba. To amma na'ura fa? Abin da ba ya jin Hausa, ba ya karɓar rantsuwa, wa ya san me zai faɗa? Shi ya sa da hantsi ya ce zai kai mota wanki, ya zarce gareji. Lissafinsa ɗaya ne: in babu wuta, babu magana.

"Ka kwantar da hankalinka," Sharhabilu ya ce, yana warware kan batir da sifana. "Waɗannan motocin ƙwaƙwalwa gare su, Baba. Abu kaɗan sai su riƙe a rai, kamar tsohuwa. Ka cire kan batir ka ba ta kwata ɗaya, minti goma sha biyar, shi ke nan ta manta. A Ƙofar Ruwa ta Kano wani ya koya min, kuma ba kowa na gaya wa ba."

"Ba za ta lalace ba dai?"

"Haba Baba! Ni ne fa."

Suka zauna a kan benci. Sharhabilu yana duba agogon hannunsa yana ba da labarin wata Marsandi da ya tayar bayan masu gyara huɗu sun sallama, Jaji kuwa bai ji ko rabi ba, leɓensa kawai ke motsi. Da kwatan ya cika aka mayar da kan batir, aka ɗaure. Jaji ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Wutoci suka kama gaba ɗaya, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Kan famfon nan ma ya mutu.

"Allahu akbar!" Jaji ya riƙe hannun Sharhabilu da hannu biyu, duk baƙin man da ke jiki. "Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuri'a."

A hanya ya lura rediyon ta rasa tashar da ya saita, sai shuu take yi. Bai damu ba. Har waƙa ya kama yi ƙasa-ƙasa, abin da rabonsa da yi tun Litinin.

Injiniyan ya iso ana gab da azahar. Sunansa Muslim, siriri ne mai tabarau, da 'yar baƙar jaka a hannu. Ya durƙusa ya gaida Jaji kafin ma ya shiga wajen Darakta, abin da ya ɗan sanyaya wa dattijon rai. Sannan aka fito gindin darbejiyar da ke gaban ofis, Darakta a gaba, ma'aikata na leƙe ta taga.

"Ranka ya daɗe, ai ta mutu da kanta," Jaji ya ce, yana kallon ƙasa.

Muslim ya buɗe ƙofar motar. Ya zauna a kujerar direba, ya zaro wata na'ura mai girman bulon sabulu, ya cusa wayarta a ƙarƙashin sitiyari, ya danna, ya jira. Ya sake dannawa. Sai ya ɗaga kai ya dubi agogon motar, ya dubi na hannunsa. Na motar yana nuna uku da 'yan mintoci.

"Agogon nan ya koma sha biyu ya faro lissafi, wato an cire batirin motar nan yau da safe," ya ce. "Wa ya cire?"

Jaji ya ɗago kai. Ƙarya ta biyu ke nan yau, shi da ya yi shekaru bai yi ba, ga shi ko zama ba ta yi ba.

"Ni na sa aka cire."

"Kun ji ko!" Darakta ya tafa hannu ya juya ga tagogin. "Kun ji da kunnenku. Mai gaskiya me zai kai shi goge shaida?"

Muslim ya cire tabarau ya murza ido. "Kash, Baba. Da ka bar ta. Duk lokacin da wutar nan ta kama, motar tana rubuta abin da ke damunta, ta ajiye. Shi na zo karantawa. Irin wannan motar na duba sun fi goma, kusan duk wata 'yar waya ce a jikin salansa da hanyar ƙauye ke cinyewa. Babu ruwanta da mai. Da na gani, da na rubuta haka, magana ta ƙare."

"To ka rubuta mana, ɗana."

"Ba zan iya shaidar abin da ban gani ba, Baba. Yanzu fayau take. Abin da kawai take nunawa shi ne an goge."

Jaji ya dafa ƙofar motar. Ashe mai ba da shaidarsa guda ɗaya a duniya yana zaune a cikin motar nan tun Litinin, shi kuma ya ɗauke shi da kansa ya kai aka rufe masa baki, har da sa albarka.

"In ciwon yana nan, wutar za ta dawo," Muslim ya ce da Darakta. "Yallaɓai, a ba mu zuwa la'asar mu zagaya da ita. Da ta kama zan karanta. Amma ƙarfe huɗu dole in kama hanya, gobe da asuba za mu wuce Yola, sai bayan wata uku zan sake biyowa nan."

"Ku je ku ƙona man da ya rage," in ji Darakta. Ya shige ofis.

Suka yi azahar, suka fita. Kwana uku Jaji yana roƙon Allah ya kashe wutar nan, yanzu ga shi yana roƙon a kunna ta, har kunya ta kama shi, kamar mai komawa gidan da ya yi sallama. Suka miƙe titin Kiyawa ya taka ta har ɗari da ashirin, gudun da bai taɓa yi da motar gwamnati ba. Shiru. Suka dawo suka hau hanyar Garu ta cikin duwatsu da giya ɗaya. Shiru.

"A wace irin hanya ta kama ranar?" Muslim ya tambaya.

"Mun fito daga burji ne, mai gargada."

"To mu nemi gargada."

Suka sauka daga kwalta suka bi wata hanyar gonaki da damina ta farfashe. Mutumin da ake yi wa dariya a sakatariya saboda yana kewaye ramin da ko akuya ba za ta kula da shi ba, yau shi ne yake saita taya yana faɗa wa rami da gangan. Duk sanda motar ta buga, sai ya runtse ido ya ce, "Yi haƙuri." Wani manomi da ke yankan gero ya miƙe ya bi su da kallo, lauje a hannu.

"Kama mana," Jaji ya ce da gaban motar. "Ke da kika kwana uku kina tona min asiri, yau da nake nemanki kika san kunya? Kama, don Allah."

Motar kuwa lafiya lau, sai ma wani daɗi da injin yake ƙara yi. Muslim ya juya yana kallon taga. Can ya ce, "Wani lokaci sai ta yi kwana biyu, wani lokaci mako. Ba a yi mata dole."

Huɗu saura suka tsaya a tasha. Muslim ya rubuta rahotonsa a kan gwiwa, layi uku, ya karanta wa Jaji a fassare don kada ya ce an ɓoye masa: ba a sami komai ba, an cire batir kafin a duba, ba a iya tabbatar da dalili ba. Ya naɗe ya sa a ambulan.

"Ka yafe ni, Baba. Ni dai raina ya ba ni ba ka yi ba."

"Ran naka ba ya shiga ambulan ai," Jaji ya ce. Amma ya karɓa, ya yi masa addu'ar sauka lafiya, ya kuma kai wa Darakta takardar da hannunsa.

Ba a ɗau rabin awa ba aka miƙo masa tasa. An dakatar da shi har sai kwamiti ya zauna, a kan zargin karkatar da mai da ɓoye shaida. Ya ba da makulli ga Misbahu, direban da ke tuƙa tsohuwar a-kori-kurar ofis, wanda ya karɓa yana sunkuyar da kai. Jaji ya kwashe dardumarsa da butarsa daga bayan mota, ya koma gindin darbejiya ya tsaya, don bai san yadda ake barin ofis da ƙafa ba.

Biyar da rabi Darakta ya fito ya shiga baya. Misbahu ya tayar da mota, ya ja baya, ya nufi ƙofa. Tayar gaba ta hau ɗan tudun simintin bakin get, sai motar ta tsaya. Misbahu ya leƙo.

"Baba Jaji! Ta kama!"

Jaji ya yar da buta ya ruga. Ga ta nan kuwa, ruwan ɗorawa, kan famfo, tana haske abinta.

"Ranka ya daɗe, ga ta! Wallahi ga ta! A bar ta haka, kada a taɓa. A buga waya Kano, ko a jira shi, wata ukun ma zan jira."

Darakta ya sauke gilashi rabi. "Sauran man da ka zuba ne bai ƙare ba." Ya dubi Misbahu. "Gobe ina da baƙi daga Abuja, masu motar ne da kansu. Ba na son su shigo su ga wannan abin. In ka sauke ni, ka wuce garejin nan a yi mata abin da aka yi mata da safe."

Gilashi ya hau. Motar ta fita.

An tashi daga aiki, babu ɗan acaɓa ko ɗaya a titin sakatariya. Jaji ya kama hanya da ƙafa, darduma a hammata, yana gudu-gudu sauri-sauri, gwiwarsa ta hagu tana sara. Tun daga nesa ya hango bonet a ɗage. Sharhabilu na zaune a kan benci yana duba agogon hannunsa, kan batir yana reto a gefe.

"A'a, Baba Jaji!" ya ce da fara'a. "Ka ga alherinka ko? Yanzu har Darakta ya san da zamana. Saura minti biyu."

Jaji ya dubi kan batirin yana haki. Ya zauna a ƙarshen bencin.

Aka mayar da kan batir, aka ɗaure. Misbahu ya murɗa makulli, wutoci suka kama suka mutu duka. Ya daɗe yana lalube a gaban motar, sannan ya leƙo, bai iya haɗa ido da dattijon ba.

"Baba, agogon nan ya rikice. Ta ina ake gyara shi?"

Jaji ya tashi a hankali ya zagayo. Ya zura hannu ta taga, ya danna ɗan maɓallin da ke ƙasan rediyo.

"Ƙarfe nawa a wajenka, Sharhabilu?"

"Shida da minti goma."

Ya saita shi daidai, ya goge gilashin agogon da bakin hannun rigarsa, ya ja da baya don motar ta samu hanyar fita.