Da Wayar Mama Tamar Ta Yi Shiru

Wayar ba ta faɗi ƙasa ba, ba ta shiga ruwa ba. Mama Tamar tana ajiye ta ne cikin kwano mai murfi, a naɗe da ɗankwali, ƙarƙashin gado. Autanta Meshak ne ya saya mata shekarar da ya shiga soja. Abu ɗaya ya koya mata: ta taɓa koren abin nan na aika saƙo, ta taɓa hotonsa, ta ji muryarsa. In za ta amsa, ta danne da babban yatsa ta yi magana. Ba ta iya karatu ba, kuma wannan bai taɓa hana ta komai ba.

Inda aka kai su Meshak, can arewa maso gabas, kira ba ya shiga. Sai in sun fito gari ɗaukar abinci yake samun sabis, ya turo mata saƙon murya da yarensu. Ya tambayi ƙafarta, ya tambayi awaki, ya ce ta daina zuwa gona. Ita kuma ta zage shi, ta yi masa addu'a, duk a saƙo ɗaya.

Babban ɗanta Azariya, manomin citta, shi ke kai wayar caji shagon mai sola a bakin titin ƙauyensu. Tasa wayar ƙarama ce mai tocila, kira kawai take yi. Wajen ƙarshen damina wani rubutun Turanci ya fara tsaya wa wayar Mama a fuska. Azariya ya ɗauka irin tallan nan ne na masu cinye data, kullum sai ya ture shi gefe. Wata safiya rubutun ya ƙi turuwa. Koren abin ya ƙi buɗewa.

Azariya ya hau babur ya kai wayar Kafanchan, wurin Christopher mai gyaran waya a bakin kasuwa. Christopher ya jujjuya ta, ya latsa nan ya latsa can, ya miƙo masa.

"Baba, wayan nan lafiyansa ƙalau."

"To gyara mana."

"Babu abin gyarawa. Tsufa ne. Masu abin saƙon sun ce sun daina aiki da tsohon tsari, sai an yi ofdet, wato an sabunta shi. Masu wayan kuma sun daina aiko wa irin wannan ofdet tun tuni. Ko na kwana a kai ba zai ɗauka ba."

"Ka ce lafiyansa ƙalau."

"Ƙalau."

"Amma ba zai yi aiki ba."

"Ba zai yi ba. Sai dai ku sayi wani, mu juya sim ɗin."

Azariya ya dubi wayoyin da aka jera cikin gilashi, ya dubi Christopher.

"Daman nan za ka. Garman da nake noma da shi na ubana ne, maƙerin ya mutu tun ina yaro, bai taɓa aiko wa ya ce a daina noma da shi ba. Wa ya ba mutum izini ya zauna a wata ƙasa ya kashe abu a hannun mai shi?"

"Baba, ba ni na kashe ba."

"Ba kai ba ne, amma kai za ka sayar."

Ya karɓi wayar ya cusa a aljihu. Bai ko yi sallama ba.

A gida ya yi wa Mama bayani yadda ya iya. Tana zaune kan kujerar tsugunno tana tsince acca, ba ta ɗaga kai ba.

"Ya fashe?"

"Bai fashe ba."

"Yana kawo wuta?"

"Yana kawowa."

"To ɗana ne ya yi shiru, ba waya ba. Azariya, dube ni. Me aka faɗa maka?"

"Mama, ba a faɗa mini komai ba."

"Haka kuka ce lokacin babanku."

A wajensu ba a faɗa wa tsohuwa mutuwa kai tsaye. Lokacin da babansu ya rasu a asibiti, Azariya da kansa ya dawo ya ce mata yana samun sauƙi, har ta dafa masa pate ta ce a kai. Sai washegari fasto ya zo da dattijon ikilisiya da shugabar zumuntar mata, suka zauna, suka yi addu'a, sannan suka faɗa. Haka ake yi wa kowa. Ita ma ta sha shiga cikin masu zuwa faɗa wa wasu.

Daga ranar ta rage cin abinci. Aka haƙe citta, aka tsaga, aka shanya, Mama tana ta ramewa. A kawo tuwo ta ce ta ƙoshi. A kawo kunu ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Kullum da safe sai ta kwance ɗankwalin, ta taɓa koren abin, rubutun ya fito, ta mayar. Azariya ya yi lallashi, ya yi faɗa. Ya kira lambar Meshak a gabanta don ta ji da kunnenta cewa daman ba ta shiga. Wannan ya ƙara ɓata lamarin.

Da ya ga ƙafafunta sun fara rawa in ta miƙe, sai ya tafi wurin Fasto Bartholomew. Mama ba ta musu da fasto. Azariya ya ce masa ya zo ya gaya mata da bakinsa cewa matsalar waya ce, kamfani ne ya janye hannu, ba wanda ya mutu. Fasto ya ce ba damuwa, gobe da safe.

Abin da Azariya bai sani ba, fasto yana da gaisuwar mara lafiya a unguwar gaba a safiyar. Don kada ya yi tafiya biyu, sai ya taho da abokan tafiyarsa: dattijo Eli, da Afiniki shugabar zumuntar mata. Azariya ya gamu da su a hanya yana dawowa daga gona, ya bi bayansu. Eli yana da ciwon gwiwa, dole aka riƙa tafiya a hankali.

Mama tana ƙofar ɗaki tana shan hantsi. Ta ɗaga kai ta ga fasto da Littafi Mai Tsarki a hammata, ga dattijo, ga Afiniki da ɗaurin zumunta, ga ɗanta a baya, ranar da ba Lahadi ba. Ba ta jira sun ƙaraso ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗora hannu biyu a ka, ta kira sunan Meshak da wata murya da Azariya bai san tana da sauranta ba. Sai ta zube.

Matan maƙwabta da ke juya citta a kan dutse suka watsar suka taho da gudu, suna kuka tun kafin su tambaya. Kukan ya tsallaka gida ya shiga gida. Fasto yana ɗaga hannu yana cewa, "Mama, ki tsaya, ba haka ba ne," ba mai jin sa. Afiniki ta tallafe tsohuwar tana yayyafa mata ruwa, ita ma hawaye ya kama ta, don jikin Mama ya zama kamar kara. Kafin a ankara wasu samari sun fara sauke bencin coci a tsakar gida.

"Ku mayar da bencin nan!" in ji Azariya. "Ba wanda ya mutu! Wa ya ce muku an mutu?"

Wani tsoho ya dafa kafaɗarsa. "Yi haƙuri, Azariya. Ka zama namiji."

Sai da rana ta take kafin mutane suka watse, rabinsu ba su yarda ba. Mama ta farfaɗo, aka kwantar da ita. Fasto ya durƙusa a bakin gado ya yi mata bayani dalla-dalla, ya ce a gaban Ubangiji bai zo da labarin mutuwa ba. Ta saurare shi har ya gama.

"Na gode, Fasto. Kun ga na faɗi, kun ji tsoro, kun fasa faɗa. Ba komai. Ku je ku dawo in kun shirya."

Ta juya fuska bango.

Ranar Alhamis Azariya ya ɗaure aladen da yake kiwo don Kirsimeti a bayan babur, ya kai kasuwa ya sayar, bai tsaya dogon ciniki ba. Ya wuce shagon Christopher ya ajiye tsohuwar wayar a kan tebur.

"Ba ni wanda ba za su kashe ba."

"Baba, babu irin wannan. Kowanne da ranarsa. Amma wannan zai kai ku 'yan shekaru."

"Juya."

Christopher ya cire sim ya sa a wata waya ta hannu, ya yi 'yan latse-latse. Can sai ta fara ƙara. Saƙonnin da suka maƙale a hanya suka faɗo, duka daga Meshak. Azariya ya kara a kunne, a tsaye, cikin hayaniyar kasuwa. Na farko gaisuwa ce da tambayar awaki. Na biyu yana cewa, Mama, shiru, ko Yaya bai kai caji ba ne? A na ƙarshe muryar ta yi ƙasa. Ya ce za a ƙara da su gaba, cikin daji sosai, ya so ya ji addu'arta kafin su tashi, amma ba komai, in sun fito zai turo.

"Wannan na yaushe ne?"

Christopher ya duba ya faɗa masa. Azariya ya lissafa da aikin gona. Lokacin ana tsakiyar haƙar citta ne. Yanzu citta ta bushe, har an fara zubawa a buhu. Meshak bai taɓa yin shiru mai tsawon haka ba.

"Babu wani bayansa?"

"Babu, Baba."

Ya iso gida da la'asar. Afiniki tana zaune a bakin gadon Mama da kofin kunun da ya huce. Azariya ya taɓa saƙon farko ya ajiye wayar kusa da kunnen tsohuwar. Muryar Meshak ta cika ɗakin, yana tambaya ko baƙar akuyar nan ta haihu.

Mama ta juyo a hankali. Ta kama wayar da hannu biyu. Ta ji na farko, ta ji na biyu, ta ji na ƙarshe, ta ce a maimaita mata. Sannan ta nemi inda ake dannewa, Azariya ya ɗora mata yatsa a wurin. Ta zagi Meshak, ta ce akuya ta haifi biyu, ta yi masa addu'a doguwa, ta roƙi Yesu ya rufe idon masu neman ransa. Da ta gama ta dubi Azariya.

"Yaushe ya yi wannan maganan?"

Afiniki ma shi take kallo. Azariya ya dubi wuyan uwarsa, duk jijiyoyi a waje.

"Jiya," ya ce.

Mama ta sauke numfashi. "Afiniki, ɗumama mini kunun nan."

Azariya ya tsaya har ya ga ta sha rabin kofi. Sannan ya ɗauki wayar ya ce zai kai caji. Ya fita ta bayan gida, ya wuce garken aladen da babu kowa a ciki, ya hau kan dutsen shanya inda sabis ya fi ƙarfi. Ya zauna cikin buhunan citta da wayar a tafin hannu, yana jira ta yi ƙara.