Ranar da Uwar Kyaftin Ta Kira Sunansa

Aikin Ukasha a kamfanin Alhaji Maikasuwa da ke Kazaure shi ne ɗinke ɓaraka. Shi ya ƙirƙiro Fataken Sama, labarin wasu 'yan kasuwa masu kai kanwa da barkono duniyar wata a jirgin Kyaftin Sama'ilu. Abin ya fara a rediyo, ya koma littafi, daga baya ya zama fim ɗin da ake turawa a waya, kowanne kuma ya kama gabansa. A rediyo jirgin da hasken rana yake tashi, a littafi da man gyaɗa. Ukasha ya ce injin jirgin biyu ne. Mutum-mutumin jirgin idonsa ɗaya a littafi, a fim biyu. Ukasha ya ce an kai shi gyara Babura. Jama'a suka karɓa ba gardama.

Sai ga sabon fim. Jirgi ya kama da wuta a sararin sama, uwar Kyaftin tana tsakar gida tana hangensa, ta ɗaga murya ta ce, "Sama'ilu!"

Nan fa gari ya ɗauka. Tun a rediyo kowa ya san Kyaftin ɗan fari ne, tsohuwar kuwa ba ta taɓa kama sunansa ba. "Mai jirgin nan" take ce masa, shi ma tana kallon bango. Mutanen da suka yarda ana cin barkono a duniyar wata suka ce wannan kam ƙarya ta yi yawa. Ranar kasuwar Gwiwa 'yan acaɓa suka bar fasinja a rana suna musu.

Alhaji Maikasuwa ya kira Ukasha ofis.

"Na samo mafita," in ji shi. "A shirin rediyo mai zuwa ka ce ba uwarsa ba ce. Mutum-mutumi ne abokan gaba suka aiko. Ta gaskiyar ta daɗe da rasuwa."

"Alhaji, tsohuwar za mu kashe?"

"Allah Ya ji ƙanta. In kana da wata dabara, kawo kafin Litinin."

Ukasha ba shi da dabara, kuma ba ya son a taɓa tsohuwar nan. Daga Innarsa Dela ya ɗauko ta kaf, har yadda take tsaki. Shi ma ɗan fari ne. Ya yi aure, ya haihu, furfura ta fara leƙowa, bai taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. "Ɗan Kazaure" take ce masa. Kiran nan na cikin fim ba kuskuren kowa ba ne. Shi ya rubuta shi, don yana so ya ji yadda abin yake, ko a bakin 'yar wasa ne.

Ya hau babur ya tafi Roni. Ya tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon faifai. Shirin rediyon ba ya wuce ta, fim ɗin ma an nuna mata a waya, don haka bai sha wahalar bayani ba. Ya gaya mata hukuncin Alhaji.

Inna ta kori wata kaza. Sai ta yi wa kazar magana.

"Wai mutum-mutumi. Su masu musun nan ba su taɓa haihuwa ba ne?"



"Shekarar ƙyanda," in ji Inna ga kazar, "da aka ja wa wani zane har ka, aka ce a aika a fara haƙa, ai an kira shi. Da ƙarfi ma. Har bayan katanga an ji. Shi ne dai bai ji ba, sai atishawa ya yi wa mutane."

 Daɗi Ukasha ya ji da baƙin ciki a haɗe, ya rasa wanda zai fara da shi.

"Inna, yaya kika ce a lokacin?"

Ta busa ɓawon gyaɗa daga faifai.

"A gaya wa ɗan Kazaure ya kama hanya, hadari na haɗowa."

Ranar Litinin ya kai wa Alhaji rubutu. A sabon shirin, maƙwabciya ta ce wa uwar Kyaftin, "Mun ji ki ranar wutar nan." Tsohuwa ta yi tsaki ta ce, "In naki ya kama da wuta, sai ki tsaya kunya." Shi ke nan gyaran.

Musu ya mutu a Gwiwa. An ce wasu 'yan acaɓa sun je gida sun tambayi iyayensu mata, an koro su da muciya.

Abu guda Alhaji ya tsaya a kai.

"To shi Kyaftin fa? Me zai ce da ya ji ta kira shi?"

"Bai ji ba, Alhaji," in ji Ukasha, yana tattara takardunsa. "Injin man gyaɗa ƙara gare shi."