Waƙar Hambali a Bakin Farfesa

"Ba na zuwa," in ji Hambali, bai ko ɗago daga kwamin albasar da yake cire wa ciyawa ba.

Ɗanladi, ƙanen Farfesa Dattijo, ya tsuguna a bakin kwatar ruwa. "Yaya Hambali, asibiti sun sallamo shi, ba don ya warke ba. Sunanka yake ta kira."

"Ai bakinsa ya saba da sunana. Har a rediyo ya kira shi."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a wani ƙauyen Bunkure, tare suka tashi. Dattijo ya yi boko har ya zama farfesan adabi a jami'a, kuma yana da fili a rediyo inda yake karanta waƙoƙin talakawa. Bara waccan, da manyan birni suka shigo noman alkama, mai kula da ruwa ya riƙa karkata musu ruwan manoma. Hambali ya shirya waƙar zambo a kai, ya rera wa Dattijo shi kaɗai. Sati na zagayowa sai ga ta a rediyo, da sunansa da na mahaifinsa. Aka toshe masa ruwa, tumatirinsa ya bushe yana tsakar fure. Dattijo kuwa jaridu suka yi ta yabonsa.

Duk da haka Hambali ya tafi, ko ƙafa bai wanke ba. Ya tarar da Dattijo kwance tsakanin kwalayen littattafai, ya rame har agogonsa yana yawo a hannu.

"Ka zo, Hambali."

"Na zo in ga ko kunya ta same ka."

"Waƙar ta yi kyau. Da zan tashi, sai na sake karanta ta."

"Kai ka sha tafi, 'ya'yana suka sha yunwa. Wa ya aike ka da sunana?"

"Mu malamai mun daɗe muna satar waƙoƙin mutane," Dattijo ya ce da ƙyar. "Ban so a ce tawa ce ba."

"Da ka sace ta, wallahi da ya fi mini."

Dattijo ya soma dariya, tari ya sarƙe shi. Hambali ya tallafo kansa ya ba shi ruwa, yana ci gaba da faɗa. Bai gama ba ya ji kan ya yi nauyi a hannunsa.

Bayan la'asar mutanen jami'a suka cika maƙabarta. Wani mai babbar riga ya ce an yi rashin muryar talaka. Hambali, wanda shi ya haƙa kabarin, ya juya masa baya.

Da aka watse, Ɗanladi ya matso. "Ka yafe masa, Yaya?"

"Allah ya jiƙansa."

"Ba ita na tambaye ka ba."

Hambali ya tsoma hannu a bokiti, ya yayyafa wa ƙasar kabarin ruwa, ya ci gaba da shafe ta da tafin hannu, a hankali, daga wajen kai zuwa ƙafa.