Jan Tirafod

Mai kanti ya kafa musu tirafod biyu a tsakiyar shago, ya koma kujerarsa yana danna waya.

Ɗaya ja ne, sabo fil, ƙafafunsa uku sirara kamar na sauro. Da yatsa biyu Auta ya ɗaga shi. Ɗayan baƙi ne, na hannu, fenti duk ya goge a gwiwoyinsa, ga wani ƙaton kai a sama, inda ake ɗaura kyamara a riƙa juya ta da ɗan sanda.

Auta shi ne mai kyamara a 'yar ƙungiyarsu ta fim, wadda ko mota ɗaya ba ta cikawa. Shi ne kuma mai fitila, shi ne ɗan dako. Yayansa bakanike ne, babur ɗinsa kawai aka aro, shi ya sa ya biyo.

Yaya ya goge hannu a wando, ya kama sandan baƙin ya tura a hankali. Kan ya tafi sumul, ya tsaya cak inda aka bar shi. Sai ya sunkuya ya kara kunnen hagu, ya sake turawa. Haka yake yi wa inji. Duk layin gareji an san shi da wannan: mota ta shigo ya ce a tayar, ya kara kunne, ya faɗi ciwonta tun ba a buɗe bonet ba.

"Wannan akwai mai a cikinsa," ya ce. "Ka ji shiru? Kamar jak ɗin ɗaga mota mai lafiya."

Ya koma kan jan. Ya tura, kan ya cije, ya ƙara ƙarfi, kan ya fizge gefe da wani ɗan kuka.

"Wannan kuwa a bushe yake. Roba ce ke gugar roba."

"Jan na masu hoton tsaye ne," in ji mai kanti, bai ɗago ba. "Baƙin na masu bin mutum da kyamara. Amma kowa da ra'ayinsa."

"Wa zai riƙa ɗaukar wannan gawar?" Auta ya ce, yana gwada nauyin baƙin. "Hawa bene, sauka bene, ga jaka, ga fitilu."

"Ni zan ɗaukar maka."

"Kai da kullum kana ƙarƙashin mota?"

"Ɗauki baƙin, Auta."

Da bai faɗi haka ba, wataƙila da baƙin aka ɗauka. Tun rasuwar babansu Yaya ke zaɓa masa komai: makarantar da ya gudu ya bari, wandon da zai sa, har irin askin da za a yi masa. Kyamara ce kaɗai abin da Auta ya sani Yaya bai sani ba. Yau ga shi nan ma ya kara kunne ya shigo.

"Jan nake so."

Yaya ya dube shi, ya ɗaga kafaɗa. "Kai ne mai sana'a."

Ranar ɗauka, a wani tsohon sito suka haɗu, rufin kwano, buhunan dusa jibge a lungu, haske na shigowa ta babbar ƙofa kawai. Mai siton ya ce kafin la'asar su ba shi wurinsa. Darakta, wani gajere da bai iya zama ba, yana ta zagaye da waya a kunne. Ɗan wasan da za a mara a fim ɗin ya kashe wayarsa.

Idon Darakta ya faɗa kan Yaya, wanda ya sauke kaya yana shirin tayar da babur.

"Babban yaya, ka rufa mana asiri. Ba magana za ka yi ba. Ka shigo ta ƙofar can, ka tako zuwa nan, wannan ya mare ka, ka faɗi kan buhu. Shi ke nan, ka zama ɗan fim."

Wanda aka nuna, Guduma ake ce masa. Ƙato ne mai ɗaga ƙarfe, gadin ƙofa yake yi a wani wurin shaƙatawa, wuyansa da kansa kauri ɗaya.

Yaya ya dubi hannun Guduma. "Marin wasa ne dai ko?"

"Iska zai mara," in ji Darakta.

Anti, wadda ke yi musu kwalliya kuma ita ke riƙe dogon sandan makirfo, ta shafa wa Yaya hoda tana dariya. "Yau dai baƙin mai ya ga ta kansa."

Darakta ya ce ba ya son yanke-yanke. Kyamara ta ɗauko mutum daga ƙofa, ta biyo shi a hankali, mari ya sauka, ta bi shi ƙasa, duk a numfashi ɗaya. Auta ya buɗe ƙafafun jan tirafod, ya ɗaura kyamara, ya kama sanda.

"Akshin!"

Yaya ya shigo. Auta ya tura, kan ya cije. Ya ƙara ƙarfi, kan ya fizge, Yaya ya ɓace daga allo, bango ya bayyana. Kafin ya dawo da shi har an yi marin an faɗi.

Darakta ya leƙa ɗan allon, aka maido masa. "Mene ne wannan? Girgizar ƙasa aka yi?"

Bakin Auta ya riga hankalinsa. "Sauri yake yi da yawa. Kuma marin bai fito ba, ana ganin fili tsakanin hannu da fuska."

"Haka ne kuwa," in ji Darakta. "Guduma, ɗan taɓa shi. Kaɗan."

Yaya na kakkaɓe dusa daga rigarsa. Ya dubi kan tirafod ɗin, ya dubi ƙaninsa, bai daɗe ba.

"Laifina ne," ya ce. "A sake."

Aka sake. Tas! Hoda ta tashi daga kuncin Yaya. Auta ya sassauta makullin kan, sai ya zama sako-sako, ya wuce mutum ya tafi yawo. Ya ɗaure, ya koma cijewa. Ya gwada tsakiya, babu tsakiya. Gumi ya cika masa ido. Kowace ɗauka sai ta tafi lafiya har dab da marin, nan hannunsa zai so rage gudu, nan kan zai fizge.

"Kot! Me ya faru kuma?"

"Ba inda aka ce ya faɗi ba."

"A sake."

Tas!

"Ya juya fuska da wuri."

"A sake."

Kuncin Yaya ya tashi, shatin yatsu ya fito ta cikin hoda. Anti ta cire abin sauraro daga kunnenta. "Sauti dai ya fito, har a haƙorina nake jin sa. Darakta, a bar bawan Allah nan ya huta mana."

"Rana na tafiya, Anti. Ɗaya mai kyau nake nema, ɗaya tak."

Auta ya san abin da ya kamata ya ce. Laifin kan tirafod ne, ba na Yaya ba. Amma in ya faɗa, a gaban Darakta zai faɗa, a gaban Anti, a gaban wanda ya ce masa ɗauki baƙin. Ya ce a ransa, wannan karon zan riƙe numfashi, zai tafi daidai, a tashi kowa ya manta.

Kwano ya ɗauki zafi, siton ya zama tanda. Guduma ya tuɓe riga ya matse ta, ya mayar. Tun ɗazu ya daina dariya. Yana da aikin yamma, kuma a ganinsa mutum ɗaya ne ke ɓata masa lokaci.

"Kai bakanike, raina mini hankali kake yi? Tafiya ce ba ka iya ba ko faɗuwa?"

Yaya ya tofar da miyau mai ja-ja. Ya hango fuskar Auta ta yi fari fat bayan kyamara, sai ya yi murmushi don ƙaninsa ya kwantar da hankali.

"Yi haƙuri, ƙato. Ai da na san haka hannunka yake da laushi, da tun farko ban ji tsoro ba."

Anti ta yi 'yar dariya. Guduma bai yi ba. Ya juya wuya, ya yi ƙara.

"Akshin!"

Yaya ya shigo ta cikin hasken ƙofa. Auta ya riƙe numfashi, ya tura, kan ya tafi, ya tafi. Guduma ya ja da baya da ƙafa ɗaya, ya lanƙwasa tafin hannu, ya kawo shi tun daga ƙugu da duk nauyin jikinsa. Ba a kunci ya sauka ba. A kan kunnen hagu ya sauka, da ƙara irin ta fashewar taya.

Yaya bai kai buhu ba. A siminti ya zube, kansa ya bugu.

"Kar ka yanke!" Darakta ya yi ihu. "Bi shi ƙasa! Wannan ita ce!"

Guduma bai tsaya ba. Ya taka ya kai masa ƙafa a ciki. "Da laushi ko? Da laushi?" Ya sake kai wata a haƙarƙari. Yaya ya dunƙule, hannu biyu a kunne, jini na bin tsakanin yatsunsa.

Auta ya saki sanda. Kyamara ta kife da fuska, ta zame daga mazauninta ta faɗa kan buhu. Bai ko kalle ta ba. Ya haɗe ƙafafun tirafod ɗin, ya ɗaga sama da hannu biyu, ya sauke a gadon bayan Guduma da iya ƙarfinsa.

Kan ya tarwatse, robobi suka watsu. Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe kamar tsinken shan lemo. Guduma ya juyo a hankali, kamar wanda aka taɓa a kafaɗa za a tambaye shi hanya.

Naushin farko a baki ya sami Auta, ya ji haƙori ya motsa. Na biyu a gefen ƙirji, wani abu ya ce ƙas a ciki. Ya faɗi da baya. Guduma ya fizge tirafod ɗin, ya durƙusa a kan cikinsa, ya gindaya masa lanƙwasasshiyar ƙafar a maƙogwaro ya danna. Anti na ta zabga wa Guduma sandan makirfo a ka tana salati, ko gezau. Darakta ya ruga ya rungume kyamara. Rufin kwano ya fara yin duhu a idon Auta, ƙafafunsa na shure-shure a banza.

Sai ya ga Yaya a tsaye a bayan ƙaton, yana tangaɗi, rabin fuskarsa jini. Ya zaro sifana daga aljihun wando, wadda ba ya rabuwa da ita. Bai nufi kai ba. Ya duba kamar mai neman kusoshi, ya sauke ta a wuyan hannun Guduma.

Ƙarar ƙashin ta fi ta marin. Guduma ya yi wani kuka da bai dace da girmansa ba, ya mirgina gefe yana riƙe da hannun da ya karkace. Yaya ya sake ɗaga sifanar, ya tsaya a haka, yana huci.

"Tashi ka fita," ya ce, da ƙarfi fiye da kima, kamar mai magana da na nesa.

Guduma ya fita yana zagi, yana haɗawa da uwa da uba.

Auta ya yi tari har ya yi amai. Da murya ta dawo masa, a shaƙe, ya ce, "Kan ne. Darakta, kan tirafod ne ke fizgewa. Tun farko. Yaya bai yi kuskure ko sau ɗaya ba."

Anti ta dubi Auta, irin kallon da ya gwammace naushi a kansa.

Yaya ya juyo da kai gefe guda. "Me ka ce?"

A asibiti likita ya leƙa da 'yar fitila ya ce fatar cikin kunnen Yaya ta fashe, kuma abin ya wuce nan. Jin zai iya dawowa kaɗan, zai iya ƙin dawowa. Aka naɗe wa Auta ƙirji. A gida Yaya ya ce wa Umma babur ne ya kayar da su, ta yi ta faɗa a kan gudu.

Da Yaya ya koma gareji, Auta ya je kai masa abinci, ya tarar an kawo wata mota tana ciwo. Yaya ya ce a tayar. Ya sunkuya ya kara kunnen hagu, da audugarsa da komai. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe, ya zagaya, ya kara na dama, ya yamutsa fuska kamar mai rubutu da hannun da bai saba ba.

"Buɗe bonet mu gani," ya ce wa mai motar.

Auta ya ajiye kwanon ya fita, bai bari sun haɗa ido ba.

Da suka koma kanti, baƙin tirafod na nan inda suka bar shi. Mai kanti ya dubi leɓen Auta, ya dubi audugar kunnen Yaya, ya ce, "Fim ɗin faɗa kuke yi ke nan."

"Muna taɓawa," in ji Yaya.

Da suka biya kuɗin, ya miƙa hannu zai saɓa tirafod ɗin a kafaɗa, Auta ya riga shi. Nauyin ya sauka daidai kan haƙarƙarin da ya tsage, sai da ya ga taurari, amma bai sauke ba. Babur na can bakin titi, layin kuma cike da masu tura kaya. Suka jera, Auta a hagun Yaya.

"Yaya," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ka yafe mini. Na sani tun ɗauka ta farko."

Yaya na ta tafiya, yana laluben makullin babur a aljihu.

Auta ya tsaya. Ya gyara zaman ƙarfen a kafaɗa, ya cije leɓe, ya zagaya ta bayan yayansa, ƙafar tirafod na bugun mutane suna tsaki, har ya dawo ta dama.

"Yaya."

"Na'am?"