Kunun da Bai Kwana Ba

Mu Hausawan Madina ba mu taɓa rasa abin gardama ba, amma a Sha'aban ɗin bara sai da muka ƙirƙiro sabo. Ƙungiyarmu ta zumunci, wadda ke haɗa mu a gaisuwar salla da tarbar alhazai, ta ce tana son abin sha guda ɗaya da za a rubuta a kundinta, a riƙa miƙa wa kowane baƙo a ce wannan shi ne namu. Magana ce da ya kamata a gama kafin shayi ya huce. Sai da muka yi sati uku a kanta, domin zaɓen shugabanni yana tafe bayan salla, kowa kuma ya gane cewa wanda abin shansa ya ci shi ne mai jama'a.

Bakri, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Aziziyya, ya ja mutanen Sudan da Chadi, suka ce karkade, wato zoɓo. Malam Jumare da dattawan da kakanninsu suka tako daga Kano da Damagaram suka ce kunun zaƙi ko a fasa. Ni kuwa, Lurwanu, sakataren ƙungiya mai kwaɗayin kujerar mataimaki, na tsaya wa subiya, ruwan sha'ir da busasshen burodi da mutanen Hijaz ke sha da azumi. Ba don tana burge ni ba. Na lissafa ne na ga samarin da aka haifa a nan, waɗanda za ka yi wa Hausa su mayar maka da Larabci, su ne suka fi yawan ƙuri'a.

To, a Madina in aka ce kunun zaƙi, mutum ɗaya ake nufi, Inna Ƙaltume ta unguwar Sih. Shekara arba'in ba a yi suna ko biki a cikinmu babu jarkokinta ba. Kuma ni ba kunu kaɗai na sha a hannunta ba. Lokacin da aka haife ni mahaifiyata ta yi wata biyar a kwance, Inna ce ta haɗa ni da ɗanta ta shayar da mu. Na tashi ina kallon yadda take yi: ta jiƙa gero, a niƙa da citta da kanumfari da busasshen dankali, ta raba ƙullun biyu, ta dama rabi da tafasasshen ruwa, in ya sha iska ta juye ɗanyen a kai, ta rufe ya kwana. Da safe ta tace. Ta sha gaya mini cewa zaƙin kunu a kwanan nan yake fitowa, sukari rakiya kawai yake yi.

Ranar yanke hukunci muka taru bayan la'asar a wani gidan taro da muka kama a Aƙiƙ. Maza a babban zaure, mata a ɗakin ciki, an ja musu lasifika. Bakri ya yi bayaninsa, ya ce karkade yana sauke hawan jini, aka ce masa to a kai shi asibiti. Malam Jumare ya miƙe ya gyara babbar rigarsa, ya yabi kunu har ya gaji, sannan ya juyo kaina. Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yaron da aka yaye da kunu, yau ya yi gemu ya zo yana yi wa iyayensa tallar ruwan burodi.

Zauren ya kwashe da dariya, har samarina. Ni kuma Allah ya yi ni da zuciya kusa, in aka yi mini dariya a bainar jama'a ba na ganin gabana. Na karɓi abin magana.

"Ya jama'a, mu ji tsoron Allah, a Madina muke," na ce. "Abin da ake rufewa ya kwana har ya fara tsami, wa zai rantse a nan cewa ya san inda tsamin ya tsaya? Shi za mu miƙa wa baƙin Manzon Allah?"

Ban ambaci sunan abin da nake nufi ba, amma babu wanda bai ji shi ba. Malam Jumare ya koma ya zauna yana salati. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, a lokacin da nake maganar na san sarai cewa subiyar da nake karewa kwana biyu take yi a jiƙe. Bakri ma ya sani. Ya kalle ni, ya kalli ƙasa, bai tona ni ba, domin faɗuwar kunu ba ta yi masa ciwo ba. Aka ɗaga hannu: subiya sittin da ɗaya, karkade arba'in, kunu tara. Da hannuna na rubuta a kundi, samari suna bubbuga mini kafaɗa.

A mota, da muka kusa gida, matata Suhaila ta juyo ta dube ni. Sannan ta gaya mini cewa Inna tana zaune daidai ƙarƙashin lasifikar. Jarka biyu ta kawo wa taron kyauta, ta riga ta zuzzuba wa mata a kofuna. Da na gama magana, wasu suka ajiye kofunansu a hankali a gefen ƙafa, kamar ba su taɓa ɗauka ba. Inna ta bi ta tattara kofunan da kanta, ta juye a jarka.

Na ce wa Suhaila ai siyasa ce, ba da Inna nake ba. Ta ce to da wa nake, tunda ba a san kunun kowa ba sai nata. Sai na yi mata faɗa a kan ta bar tagar mota a buɗe.

Magana zarar bunu ce. Kafin sati ya zagayo, gida biyu da suka ce Inna ta yi musu kunun suna sun aika cewa an sauya shawara. A zauren ƙungiya na waya wani ya tambaya ko akwai malamin da zai yi bayanin hukuncin kunun da ya kwana, wasu suka fara kawo ruwayoyi. Ina karantawa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Layi biyu ya ishe ni in rubuta in ce ƙarya na yi, amma zaɓe saura wata ɗaya da 'yan kwanaki, sai na ce bari a wuce salla. Daga gidana zuwa Sih minti goma ne. Sau uku ina kaiwa bakin layinsu, in hango ƙofarta, in juya kan mota. Kunya ce ta hana ni, kuma kullum na juya sai ta ƙaru.

Duk ranar farko ta azumi Inna takan aiko mana da wata koriyar jarka, kunu mai sanyi har da ƙanƙara a wuyan jarkar. Na ce wa Suhaila bana kada ta sa rai, na sayo subiya leda biyu na sa a firji.

Saura kamar rabin awa a sha ruwa aka buga ƙofa. Inna ce da kanta, ta hau bene hawa uku da ciwon gwiwarta, tana haki, koriyar jarkar a rungume. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Na miƙa hannu na karɓi jarkar, sai na ji ta da ɗumi.

"Da hantsi na dama shi," ta ce. "Bai kwana ba. Ka sha hankalinka kwance."

Na fara cewa Inna don Allah, ta ɗaga hannu ta ce a bari a sha ruwa tukuna. Ta zauna a kan darduma kusa da Suhaila tana jan carbi. Ban taɓa ganin rabin awa mai tsawon wannan ba.

Da aka kira salla na ci dabino, ta zuba mini da hannunta, kofi cike. Na kurɓa. Ruwan gero ne kawai da yajin citta, salam, ga kauri, ga gari-gari a harshe. Tana kallona. Ta tambaye ni ya na ji shi, na ce ya yi daɗi, Inna.

"A'a, Lurwanu, ƙaryar ranar nan ta isa, kada ka ƙara wata da bakin azumi," ta ce a hankali. "Ban ɗanɗana ba, amma na san ba daɗi. Shekara arba'in ban taɓa kai wa mutum abin da na san ba daɗi ba sai yau, kuma ɗana na kawo wa."

Na ce zan tashi a gaban kowa ranar gaisuwar salla in janye maganata, kujerar ma na haƙura da ita. Ta ce in yi, don Allah ba don ita ba. Amma matan da suka ajiye kofi sun riga sun ajiye, ita kuma ba za ta sake rufe ƙullu ya kwana a gidanta ba, kada wata rana a ce an gani.

Ta karɓi kofin daga hannuna ta sake cika shi. Na shanye.