Buhun Gero a Kujerar Direba

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau Alhaji Abbati ya bar aikin malamin dabbobi, ya dawo gidansa na Kaura Namoda, ya rasa abin da zai yi da yininsa. Wata guda ya yi yana gyara abubuwan da ba su lalace ba, har matarsa Hajiya Gimbiya ta ce masa in hannu ke yi masa ƙaiƙayi, ga mota can bayan rumbu ta shekara goma sha tara tana jiran sa.

Motar ƙarama ce ƙirar Ingila, mazaunin mutum biyu, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya. Tun yana saurayi ya saye ta hannun wani injiniyan jirgin ƙasa da zai bar Kaura. Kaji sun daɗe da mayar da ita akurki, lambar Sakkwato ce ma har yanzu a jikinta, ga shi an shekara uku da yin jihar Zamfara.

Inji bai ba da wahala ba, bakanike ya tashe shi cikin mako uku. Jikin ne aiki. Alhaji ya kira Muhtari, fanalbita mai kimanin shekara hamsin da ke aiki kusa da tashar jirgi. Duk rayuwarsa a-kori-kurar kasuwar Shinkafi yake bugu, masu su kuwa ba ruwansu da kyau, in dai ƙofa ta rufu ko da igiya ce shi ke nan. Da ya ga wannan motar sai ya zagaya ta sau biyu, ya shafa gefenta da tafin hannu, sannan ya ce zai kwaso kayan aikinsa ya yi a nan cikin gida.

Ya ɗora ta kan bulo, ya yanke dokin ƙofar da tsatsa ta cinye, ya yi waldar sabon kwano. Ya ninke kwalin sukari gida biyu, ya ce faɗin ratar da yake so ke nan tsakanin kowace ƙofa da jikin mota, daga sama har ƙasa. Sai ya sassauta notin hinji, ya ɗaga ƙofa kaɗan, ya ɗaure, ya zura kwalin, ya girgiza kai, ya sake kwancewa. Bonet kaɗai ya ci masa kwana huɗu. Alhaji na zaune kan kujera yana ba da shawarar da ba a nema ba.

Bayan mako biyar aka sauke ta kan tayoyinta. Alhaji ya sa babbar riga, ya shiga, ya ja ƙofa, ta rufu da sauti mai daɗi. Ya riƙe sitiyari yana murmushi. Da ya tashi fita sai ƙofa ta ƙi. Ya tura da kafaɗa, Muhtari ya ja ta waje, ko motsi. Daga ƙarshe sai ta saman ƙofar ya hau ya tsallako, rigar ta maƙale, hular ta faɗi cikin mota. Hajiya tana bakin madafa ta yi dariya har ta zauna kan turmi.

Abin mamaki, Alhaji na sauka Muhtari ya taɓa ƙofar da yatsa biyu ta buɗe.

Sau uku suka gwada, sau uku haka. Muhtari ya tafi sallar azahar ransa a jagule, ya dawo ya kwanta ƙarƙashin motar ya daɗe. Da ya fito ya ce laifinsa ne. Mota mai rufin ƙarfe rufin ke riƙe ta, wannan kuwa ba ta da shi, in nauyi ya hau sai tsakiyarta ta ɗan lotsa, ratar sama ta matse. Shi kuma ya daidaita ƙofofin tana kan bulo, ba kowa ciki. Zai ƙara mata ƙarfe ta ƙasa, sannan ya sake saita komai da nauyin masu hawa a kanta.

Alhaji ya zauna ciki rabin sa'a ya ce bayansa ya ƙage. Aka yanke shawara a sa buhun gero a madadinsa. Ya ce rabin buhu da 'yan kai ya isa.

"Buhu guda da tiya goma," in ji Hajiya daga cikin ɗaki. "Ni ka ɗunka mai riguna, na san abin da nika awo."

Aka sa buhu guda da tiya goma. Saura ɗaya kujerar. Muhtari ya yi ta sosa ƙeya, ya kasa tambayar gero nawa za a zuba. Hajiya ta gane, ta yafa mayafi ta fito da hular da take ɗinkawa da ƙwaryar zare, ta ce ba wanda zai auna ta da hatsi tana raye, ita za ta zauna da kanta.

Kwana uku tana zaune a motar daga hantsi zuwa azahar, buhu a gefenta, Alhaji a inuwar darbejiya yana kallo. Maƙwabta mata suka riƙa shigowa gaishe ta, suna tambayar yaya hanya, tana amsa musu da cewa direban nata ba shi da surutu. Muhtari kansa a ƙasa, yana cusa siraran zobban ƙarfe na wosha bayan hinji, yana ɓoye dariya.

Ƙofofi suka zauna. Aka yi fenti kore, aka zo kan siririn ƙarfen ado mai ƙyalli da ke bin gefen motar daga fitilar gaba zuwa ta baya, gida uku. Muhtari ya liƙa su a tsoffin hujojinsu, Alhaji ya ce madalla. Hajiya ta ja baya zuwa bakin rijiya, ta karkata kai.

"Muhtari, wanga na tsakiya ya sunkuya. Kamar bakin zane da anka kalmashe cikin sauri."

Ya duba bai gani ba. Ta ciro zare daga ƙwaryarta, ta ba Alhaji bakin ya riƙe a gaba, ta ja ɗayan zuwa baya. Na ƙofar ya sauka ƙasa da zaren da kaurin ƙwayar dawa. Muhtari ya sunkuya ya duba, sannan ya ce, "Inna, shekara talatin ina wagga sana'a, yau anka kama ni." Ya toshe hujojin, ya huda sababbi a kan layin zaren.

Ranar wata Asabar cikin damina suka sa sabuwar lamba suka kama hanyar Zurmi, inda ƙanwar Hajiya take aure. Tamfol ɗin rufin bai dawo daga wurin mai ɗinki ba, Alhaji ya ce sama garau take, ba abin da zai faru. A bakin gari wasu 'yan agaji da ke lura da motocin haya don hana cakuɗa maza da mata suka ɗaga musu hannu. Babbansu ya leƙo, ya gane malamin da ya yi wa shanun mahaifinsa allura shekara da shekaru, ya gaishe su da ladabi, ya roƙi a bar shi ya buɗe ƙofar ya rufe sau ɗaya don ya ji ƙarar.

Saura kaɗan su shiga Zurmi hadari ya taso daga gabas. Ba bishiyar kirki kusa, ba rumfa. Hajiya ta laluba ƙarƙashin kujera ta zaro lema, ta buɗe ta a kansu su biyu, ta ce masa ya rage gudu kada iska ta ƙwace. Haka suka shiga gari a hankali, ruwa na zuba a kafaɗarsa ta dama, masu shaguna na leƙowa suna yi musu barka da zuwa.