Ranar da Rediyo Ta Ciji Biro

A ofishin taimakon shari'a na jami'a, ba a ba ɗalibi fayil na gaske sai ya ci gwajin sauraro. Ana kawo ɗan wasan kwaikwayo ya zauna a matsayin mai koke, a kunna rikoda, a ba ɗalibi minti ashirin. Kowane ɗan wasa yakan zo da bayani guda da aka ce ya ɓoye. Wanda ya tono shi ya ci.

Ɗalibar da ake kira Rediyo ta faɗi a karon farko. Malamarsu ta auna: cikin minti ashirin, ita ta cinye sha bakwai da surutu. Dama ɗaya ta rage mata, in ta kuɓuce sai baɗi.

"Ki sa biro a baki," in ji ƙawarta. "Da gaske nake."

Ranar Talata da ƙarfe goma ta shiga ɗaki na biyu. Tebur, kujeru biyu, fanka mai ƙugi. Wani dattijo na zaune da tef ɗin awo a wuya, ga guntun zare a hannun rigarsa. Rediyo ta ce a ranta, 'yan wasan bana sun iya shiri.

"Sannu Baba. Kun yarda a ɗauki muryarku?"

"Ɗauki mana, 'yata."

Ya ce shi tela ne. Jikarsa mai shekara tara tana tafiya a keken guragu. Makarantarsu ta ce ta zauna a gida, domin aji huɗu a saman bene yake. Sashe uku na doka suka taso wa Rediyo har maƙogwaro. Ta ciji biro.

"Sai kuma me, Baba?"

"Shi ke nan."

Haka duk 'yan wasan suke cewa. Ta zuba masa ido ta yi shiru. Fanka ta yi ta ƙugi. Dattijon ya gyara zama, ya dubi ƙofa, can ya cire hula ya zaro wata takarda mai ninki huɗu.

"Shugaban makarantar ne ya rubuta. Ko uwar yarinyar ban nuna wa ba, kada ranta ya ɓaci."

Ga dalilin korar a rubuce, ga sa hannu, ga hatimi.

"Har hatimi kuka sassaƙa?" in ji Rediyo. "Kun yi ƙoƙari."

"Ni ɗinki na iya, 'yata."

Aka turo ƙofa. Malama ce, bayanta wani saurayi da ya shafa wa gemunsa hoda ya yi fari fat. Shi ne ɗan wasan, tun goma saura yake zaune a ɗaki na uku. Telan kuwa mai koke ne na gaske, maigadi ne ya nuna masa ɗakin da ya gani a buɗe.

Malama ta karanta takardar sau biyu. Da izinin dattijon ta saurari rikodar, idonta a kan agogo.

"Minti huɗu kacal kika yi magana," ta ce. "Amma gwajin da na shirya ba ki yi shi ba."

Rediyo ta buɗe baki, ta tuna, ta mayar da biro.

Malama ta ɗauko sabon fayil daga kabad, ta rubuta sunan Rediyo a bango, ta tura mata.

"Wasiƙa zuwa makarantar. A sauko da ajin ƙasa, ba sai an rushe bene ba. Shafi ɗaya, ki ji ni da kyau, ɗaya. Gobe da safe ina son ganinta."

"Malama, ni fa?" in ji ɗan wasan. "Kwana uku ina haddace sirrina."

"Riƙe shi, akwai wani ɗalibin ƙarfe sha ɗaya."

Telan ya mayar da hularsa ya miƙe.

"Ita ce lauyar tamu?"

"Ɗaliba ce, Baba. Duk abin da ta rubuta sai ya bi ta hannuna."

"To madalla. Yarinya ce mai shiru-shiru, irinsu nake so."

Malama ta dubi Rediyo, ta dubi biron da ya sha cizo, ta ce wa telan ya dawo ranar Alhamis tare da jikar.